Yadda Za Ka Sayar da Tsohuwar Hirar Rediyo Ba Tare da Ka Ci Haƙƙin Wani Ba

Bayan an gama rabon gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, sai aka bar kwali biyu a ƙarƙashin gado, babu mai ko kallonsu. Kaset ne fal a ciki, wasu TDK wasu Maxell, kowanne da rubutun jan biro a goshinsa: sunan wanda aka yi hira da shi, wani da shekara, wani babu. Babban yayanmu ya ce, "Kai ne mai son tarkace, kwashe abinka." Na kwashe. Bayan wasu shekaru sai ga wani mai shirya fim ɗin tarihi ya ji labari, ya zo har gida, ya saurari guda uku, ya ce zai saya. Muna cikin ciniki ya tambaye ni, "Malam, wa ke da haƙƙin abin da ke ciki?" Na ce ni mana, ga su nan a ɗakina. Ya yi murmushi, ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya ce in na samo takarda in neme shi.

Ranar na ji haushi. Daga baya na gane gaskiya ya faɗa mini. Robar kaset ɗin tawa ce, amma maganar da ke cikinta hukuncinta daban. Wanda ya sayi littafi a kasuwa yana iya kyautar da shi ko ya sayar, amma ba shi da ikon kai shi maɗaba'a ya buga kwafi dubu. Haka kaset yake a idon doka. Dokar da ake aiki da ita yanzu a Najeriya ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Hukumar da ke kula da ita ana taƙaita sunanta NCC, kada ka rikita ta da hukumar sadarwa, don sunansu a taƙaice ɗaya ne. Idan a Nijar kake, ofishin da za ka nufa shi ne BNDA, ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar, a Yamai, kuma ƙidayar shekarun da zan kawo a nan ta Najeriya ce.

Ga hanyar da na bi, da inda na yi tuntuɓe.

Fara da saurare, da littafi a hannu

Kafin komai, ka ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu da ke saman kaset, don kada wani yaro ya danna jan maɓalli ya naɗi waƙa a kan hirar shekara arba'in. Kada kuma ka jefa shi cikin kowace rikoda; wadda ta daɗe a ajiye cin zare take yi. Ka juya zaren da biro tukuna, ka ga yana tafiya sumul. In ya yi, ka kwashe shi zuwa kwamfuta a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba ya rage inganci, ka adana kaset ɗin nesa da rana da laima.

Sannan ka saurara daga farko har ƙarshe, gefe biyu. Ban ce ka tsallaka ba. Ka samu littafi, kowane kaset shafi guda, ka rubuta: wa ya yi tambaya, wa ya amsa, wace tasha, wane shiri, wace shekara, kuma a minti na nawa aka ji kiɗa, ko waƙa, ko karatu, ko sanarwar tasha. Shafi ɗaya daga nawa yana cewa: "Kaset na 14. Hira da tsohon direban jirgin ƙasa. Taken shiri daga farko zuwa daƙiƙa 40. Mai gabatarwa ya ambaci sunan tasha a minti na 1 da na 29. A minti na 18 baƙon ya rera baiti biyu na waƙar wani mawaƙi. Babu shekara, amma ya ce bara aka koma tuƙi a hannun dama." Wannan jimla ta ƙarshe ita ta ba ni shekara, domin a 1972 Najeriya ta koma hannun dama, ke nan a 1973 aka yi hirar. Irin waɗannan alamu su za su cece ka: ambaton gwamna, ko canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, ko ƙirƙiro jiha.

Ta wace ƙofa kaset ɗin ya shigo gidanku?

Nan ne gindin maganar, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Mahaifina ya yi aiki a gidan rediyon gwamnati, bayan ya yi ritaya kuma ya ci gaba da hira da rikodarsa yana sayen fili a wata tasha mai zaman kanta. Saboda haka kwalayensa sun haɗa iri uku, kuma kusan duk kwalin da za ka gani a gidajenmu ba ya wuce waɗannan ukun.

Akwai wanda aka naɗa a gida daga akwatin rediyo. Za ka gane shi da shuuu ɗin gajeren zango, da muryar da ke tafiya tana dawowa, wani lokaci har da kukan akuya a tsakar gida. Wannan ba ka da komai a cikinsa sai robar. Naɗa don sauraren kanka wani abu ne, doka ta yi sassauci a kan amfanin ƙashin kai. Buga kwafi don sayarwa kuwa taka haƙƙin tashar da ta watsa ne kai tsaye.

Akwai wanda ma'aikaci ya yi a bakin aiki, da rikodar tasha, da motar tasha, a lokacin da ake biyansa albashi. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, suna cewa ai babana ne ya yi hirar, muryarsa ce. Doka ba murya take dubawa ba. A wurinta, mai naɗin sauti shi ne wanda ya yi tanadi da shirye-shiryen da suka sa aka naɗa, kuma a irin wannan hali tasha ce. In tashar ta gwamnati ce maganar ta fi ƙarfi, domin aikin da ma'aikacin gwamnati ko na hukumarta ya yi a bakin aiki na gwamnatin ne, sai in akwai yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. In ta 'yan kasuwa ce, ka nemo takardar ɗaukar aikinsa ka karanta abin da ta ce game da shirye-shiryen da ya yi. Wani abin da ba a son faɗa: irin wannan kaset, wani lokaci ko robar ma ta tasha ce, ɗaukowa aka yi aka kawo gida. Ban ga laifin tsofaffin ma'aikatan ba, don da yawa daga cikin hirarrakin nan da ba su tsira ba in da an bar su, saboda tashoshi kan goge tsohon faifai su naɗi sabon shiri a kai. Amma ceton abu daban, mallakarsa daban.

Na uku shi ne wanda mutum ya yi da rikodarsa, da kuɗin motarsa, ya tace da kansa, sannan ya kai wa tasha ko ya sayi fili aka sa masa. Wannan naɗin nasa ne, in dai bai sa hannu ya sallama wa tasha ko kamfanin da ya ɗauki nauyin shirin ba. Ka binciki rasiɗan sayen fili da wasiƙun masu ɗaukar nauyi. In ka samu asalin naɗin, wanda ba a sa masa take da sanarwa ba, shi ne dukiyarka ta gaske, ya fi wanda aka watsa tsabta a wajen doka.

A nan na yi karo da abin da ban zata ba. Haƙƙin mallaka dukiya ce, ana gadonta. Yayana ya ce in kwashe kaset, bai ce magada sun bar mini haƙƙin ba, kuma ba shi kaɗai ke da ta cewa ba. Dole na koma na tara 'yan'uwa, har da ƙannenmu mata da ke gidajen aure, muka rubuta takarda cewa sun wakilta ni, kuma abin da aka samu za a raba yadda aka raba sauran gado. Wata ƙanwata ta ce, "Yaya, kaset ɗin ma sai an yi masa zama?" Na ce gara a yi zaman yanzu da babu kuɗi a tsakani. Ga mai ganin kamar wannan al'adar Turawa ce kawai, Majalisar Fiƙhu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, bai halatta a taka shi ba.

Ƙidaya shekaru

Wannan ba ya ɗaukar lokaci in ka san shekara. Haƙƙin watsawa yana ƙarewa bayan shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara watsa shirin. Na naɗin sauti ma shekara 50 ne daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Hirar da aka watsa a 1972, haƙƙin tasha a kanta ya faɗi a ƙarshen 2022. Wadda aka watsa a 1985 kuwa tana nan a hannunsu har ƙarshen 2035. Gidan Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, Sashen Hausa na BBC a 1957, ka ga akwai shirye-shiryen farko-farko da wa'adinsu ya cika.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Rubutu da waƙa da kiɗa wa'adinsu shekara 70 ne bayan ƙarshen shekarar da mai su ya rasu. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, waƙoƙinsa na hannun magadansa har ƙarshen 2069. Ɗanmaraya Jos ya rasu a 2015, nasa sai ƙarshen 2085. In hirarka ta 1970 ce amma mawaƙi ya rera waƙarsa a tsakiya, tasha ta fita, magada ba su fita ba.

Tashoshin waje suna da kariya a Najeriya su ma, tunda ƙasar ta shiga Yarjejeniyar Rome, wadda ke kare haƙƙin tashoshin watsa shirye-shirye tsakanin ƙasashe, a 1993. Kada ka ce ai BBC tana Landan, ba za ta ji ba.

Je ka tasha da wasiƙa, ba da baki ba

In kaset ɗinka na iri na farko ne ko na biyu, kuma shekara 50 ba ta cika ba, babu makawa sai izinin tasha. Ka fara gano wa ya gaji tashar, don sunaye sun sha canzawa. Gidan Rediyon Kaduna na da, yanzu yana ƙarƙashin FRCN, wato hukumar gidajen rediyon tarayya, tun gyaran da aka yi a 1978. Tashoshin jihohi kuma wasu an raba su lokacin da aka ƙirƙiro sababbin jihohi.

Ka rubuta wa shugaban tashar wasiƙa shafi ɗaya: sunan shiri, shekara, wanda aka yi hira da shi, tsawon mintuna, yadda kaset ya zo hannunka, da abin da kake son yi da shi. Ka kai da hannunka, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Kafin ka shiga ofishin manya, ka biya ta ɗakin ajiyar faifai ka gaida tsohon da ke can. Ni wanda na tarar, da na faɗi sunan mahaifina sai ya ajiye abin da yake yi ya ce, "Ɗana, zauna. Wannan shirin ai ni nake sa masa take." Shi ya gaya mini ofishin da wasiƙa take kwana da wanda take tafiya.

Abin cinikinka shi ne wannan: sau da yawa tashar ba ta da kwafin abin da ke hannunka. Ka ce za ka ba su kwafi mai tsabta su sa a ma'ajiyarsu, su kuma su ba ka izini a rubuce ka yi amfani da shi ta hanya kaza, na tsawon shekara kaza, ko da kaso ko babu. Kuskuren da na yi shi ne yarda da "ba komai, je ka yi" daga bakin wani babba a wata tasha. Na ɗora hirar a intanet, mutumin ya yi ritaya, wanda ya gaje shi ya sa aka sauke ta, kuma ba ni da ko ƙyallen takarda da zan nuna. A YouTube, ƙorafi uku irin wannan suna iya jawo a rufe maka shafi gaba ɗaya.

Wanda aka yi hira da shi, ko magadansa

Wannan shi ake yawan mantawa, alhali shi ne mai maganar. Lacca da jawabi da wa'azi doka ta lissafa su cikin ayyukan adabi, saboda haka in baƙon malami ne da ya yi karatu, ko sha'iri da ya karanta waƙensa, ko ɗan siyasa da ya karanta jawabin da ya rubuta, haƙƙinsa a fili yake. Amsar tambaya ta fatar baki kuwa lauyoyi kan yi saɓani a kanta. Ra'ayina shi ne kada ka tsaya jiran su daidaita. Mutumin ya yarda a sa muryarsa a rediyo ranar Talata da dare. Bai yarda a sayar da ita ga mai fim bayan shekara talatin ba. Ka je ka tambaya.

In ya rasu, ka nemi babban ɗansa ko wanda iyali suka wakilta. Kada ka fara da maganar kuɗi. Ka je da kwafin hirar a memori ko a waya, kyauta, ka kunna musu. Na taɓa kunna wa wata dattijuwa muryar mijinta da ya rasu shekaru da dama, ta sa gefen mayafi ta rufe fuska har aka gama, sannan ta ce, "Sake sa mini wurin da ya yi dariya." Bayan nan na ce, "Hajiya, akwai masu son su sa wannan a fim, na ce sai da izininku." Ta kira ɗanta, muka rubuta. Takardar ba ta bukatar Turancin lauya. Tawa cewa take: "Mu magadan marigayi wane mun yarda wane ya yi amfani da hirar da aka yi da mahaifinmu a shekara kaza, ya ba da ita ga masu bincike da masu shirya fim, bisa sharaɗin za a ambaci sunansa, ba za a yanka maganarsa ta yadda ma'ana za ta juya ba, kuma za a ba mu kashi kaza cikin ɗari na abin da aka samu." Kwanan wata, sa hannu, shaidu biyu.

Ka kuma saurara da kunnen mai hankali. Tsofaffi a gaban makirfo sukan saki baki, su ambaci wane ya ci amana, wane ya sayar da filin marayu. Wanda ya sake yaɗa ɓatanci ana iya kama shi da laifin ɓata suna kamar wanda ya fara faɗa, kuma izinin magada ba zai kare ka daga wanda aka ɓata ba. Irin wannan wuri ka cire shi daga kwafin sayarwa, ka rubuta a littafinka cewa ka cire.

Kiɗa

Taken shiri, da kiɗan da ake sawa tsakani, da tallar da ta faɗo a tsakiya, duk yanke su ya fi sauƙi da arha fiye da neman izininsu. In waƙar ce zuciyar hirar, kamar mawaƙi yana bayanin yadda ya ƙaga ta yana rerawa, sai ka koma ga magadansa, ko ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa irin MCSN in yana cikinta. Tatsuniya da waƙoƙin gargajiya da ba a san mai su ba, kada ka ɗauka na banza ne. Doka ta ba su kariya ta musamman, kuma NCC ce ke ba da izinin kasuwanci da su.

Me kake sayarwa takamaimai?

Sai yanzu za ka koma wurin mai saye, kuma kafin a yi maganar farashi ku daidaita a kan abin da ake saye. Kana iya ba shi izinin amfani kai ma kana ci gaba da ba wasu. Kana iya ba shi izini shi kaɗai na wani lokaci. Kana kuma iya sallama masa haƙƙin ɗungurungum, ya zama kai ma sai ka roƙe shi. Na biyu da na uku doka ba ta san da su ba sai a rubuce. Na farko yana yiwuwa da baki, amma ka riga ka ji abin da baki ya jawo mini.

Shawarata ga mai kwali irin nawa: kada ka sallama. Hira ɗaya tana iya yi wa mai fim amfani bana, ta yi wa ɗalibin digiri na uku baɗi, ta yi wa mai shirin podkas bayan nan. Ka ba da izini mai iyaka. A cikin takardar a rubuta wace hira ce, daga minti kaza zuwa kaza, a ina za a sa ta, fim ko rediyo ko intanet ko littafi, a waɗanne ƙasashe, shekara nawa, nawa za a biya, kuma yaushe, yadda za a rubuta sunan mai hira da baƙonsa, da cewa ba zai miƙa wa wani ba sai da saninka. Ka karɓi kafin alƙalami kafin ka tura cikakken sauti. Don ɗanɗano, minti biyu ya isa.

Akwai layi ɗaya da masu saye ke son cusawa, wanda ke cewa kai ne mai dukkan haƙƙi kuma kai za ka ɗauki duk asarar da ta biyo baya in wani ya yi ƙara. Kada ka sa hannu a kansa yadda yake. Ka ce a rubuta abin da kake da shi kawai: naɗin na mahaifina ne, ga takardar magadanmu, ga ta iyalan baƙo, kiɗa kuma an cire. Ka liƙa kwafin takardun a bayan yarjejeniyar. In kuɗin da ake magana mai kauri ne, ka biya lauya ya duba, don shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, kuma sayar da kwafin da ba a ba ka izini ba laifi ne da ke da tara ko ɗauri. Rajista da NCC ba sharaɗi ba ce, haƙƙi yana tabbata tun ranar da aka naɗa, amma takardar rajistarsu hujja ce mai amfani ranar gardama, kuma ana yin ta ta intanet.

Daga kwalayen nan biyu, waɗanda na iya wankewa tas ba su kai rabi ba. Mai fim ɗin ya dawo, ya ɗauki minti goma sha ɗaya daga hirarraki biyu, na shekara biyar. Sauran, waɗanda na rasa magadan masu maganar ko tasha ta yi shiru da wasiƙata, na ware su a kwali guda na rubuta "ba na sayarwa ba" a jikinsa. Irinsu wurin da ya dace da su shi ne ma'ajiyar bincike, kamar Gidan Arewa a Kaduna ko Gidan Mambayya a Kano, inda ɗalibi zai zauna ya saurara ya yi nazari. In za ka kai naka irin waɗannan wurare, nan ma ka rubuta a takarda cewa ajiya ka kawo ko kyauta, kuma robar ka bayar, ba haƙƙin da ba naka ba. Uku daga cikin nawa na 1979 ne, na rubuta 2030 a goshinsu da jan biro, kusa da rubutun Baba.